Ɗana, Ga Amsar Tambayarka Kan Yayanka

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso tun shekaranjiya, na ƙi amsawa da gaggawa ne don maganar ba ta tsaye ba ce. Ka ce yayanka ya daɗe yana shan giya a ɓoye, yanzu da bakinsa ya ce ya gaji, har wani ya ba shi shawarar ya nemi irin zaman da masu wannan larura suke yi, kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Kai kuma kana tambaya ko al'adarmu ta yarda mutum ya zauna cikin baƙi ya tona wa kansa asiri.

Da rufin asiri aka raine mu, kuma ban ce a yar da shi ba. Amma abin da Manzon Allah (SAW) ya hana shi ne mutum ya yi saɓo da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya fito yana ba da labari. Wanda ya buɗe ciwonsa don neman magani ba ya cikin waɗannan. Ai ko mai basir sai ya kwance wa likita. Kuma ka tuna sahabin nan da ake yawan kamawa da shan giya, ranar da wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Haramcin ma a hankali ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i, sannan Ma'ida ta rufe ƙofa.

Ina da aboki da muka yi aiki tare a wata masaƙa a Bompai. Kullum aka tashi sai ya zarce mashaya a Sabon Gari. Mu abokansa muka yi abin da muke zaton sutura ne: muka yi shiru. Da abin ya fi ƙarfin gida sai danginsa suka kai shi gidan mari, ya yi wata shida da sasari a ƙafa. Satin da ya fito ya koma gidan jiya, don babu wanda ya taɓa zama da shi ya tambaye shi me yake gudu. Ciwon hanta ne ya yi ajalinsa. Har yau in na wuce ta unguwarsu sai zuciyata ta sosu. Don haka maganar gidan mari kada ma a tayar da ita. Kai ma ka ga abin da 'yan sanda suka bankaɗo a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Shi wannan zama asalinsa daga Amurka ne. A 1935, a garin Akron na jihar Ohayo, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gano cewa in suna hira da juna kan halin da suke ciki, sun fi iya haƙura da kwalba. Daga nan ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous), ta masu neman daina shan giya, ta samo tushe. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a neman cikakken suna, abin da aka faɗa kuma ba ya fita daga ɗakin. Alƙawarin yini ɗaya ake ɗauka, gobe a sabunta. Cikin matakansu 12 har da amsa laifi da neman yafiyar waɗanda aka cuta, ka ga sharuɗɗan tuba ke nan da muka karanta a makarantar zaure. Majalisa ce, irin wadda muke yi a ƙofar gida bayan la'asar, sai dai ta masu ciwo ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma ka saurare ni nan: asibiti za a fara zuwa. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, in ya yanke rana ɗaya, karkarwa da zufa da rashin barci kan taso, cikin kwana 2 zuwa 3 wani har jijjiga da gane-gane, kuma ana mutuwa. Mutanenmu sai su ce aljanu ne. Ku je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Kada sunan ya tsorata ku. A can za ku tambayi likita ko ma'aikacin walwala inda masu farfaɗowa suke haɗuwa. Ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, shi ma yana da masu ba da shawara, kuma ana irin wannan zama ta waya a intanet. In mutum ɗaya tak aka haɗa shi da shi, wanda ya riga shi dainawa, ya isa a fara.

Kada ku tara masa taron dangi, kada kuma maganar ta kai majalisar unguwa. In ya zame wata rana ya sha, ku kama hannunsa ku mayar da shi. Matarsa kuwa a riƙa leƙa ta, ita ma tana ɗauke da kaya.

Zan shigo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ka ce masa kawunsa zai zo cin tuwo, ni zan buɗe maganar da kaina. Ka gaishe da mahaifiyarku.