Tambaya da Amsa: Kundina kan tufafi ya tsaya a babi na uku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin zane da nazarin tufafi. Na gama darussan aji, amma kundina mai taken "Tufafin Hausawa Jiya da Yau" ya cije a babi na uku, wato na hanyar bincike, sau biyu malamin da ke duba ni yana maido min da shi. Ina mafita?
Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ciwon ba a babi na uku yake ba, a take yake. Taken nan ya haɗa saƙa da rini da ɗinki da bugu, shekara goma ba ta ishe shi. Ki rage shi zuwa tufa ɗaya, gari ɗaya, zamani ɗaya. Misali: aikin aska biyu da aska takwas a babbar riga a birnin Zariya, na hannu da na keke. Da kin yi haka, hanyar binciken za ta fito da kanta.

Babbar shaidarki rigar ce. Ki samu riguna 20 zuwa 30, kowace da lambarta da takardar bayaninta: irin yadi (shadda, saƙi ko tsamiya), faɗi da tsawo da tef, irin zare, sunan aikin kamar yadda mai ɗinkin ya faɗa, da kwanakin da ya ci. Ki ɗauki hoton gaba da baya, sannan ki juya rigar ki ɗauki ciki, don a nan ake bambance hannu da keke. Ki ajiye rula a gefe, ki ɗauka a inuwa da rana. Filashi na wanke ƙyallin shadda ya ɓoye aikin, rinin baba kuma baƙi yake fitowa a hasken ƙwan lantarki.

Kada ki raba wa masu sana'a takardar tambayoyi. Za su cike ta don kunya, ki tashi da "e" da "a'a". Hira za ki yi da mutum 12 zuwa 15, ki fara da gaida shugabansu, ki nemi izini kafin ki kunna rikoda. Kada ki je a goman ƙarshe na azumi, ɗinkin sallah ba zai bar kowa ya ɗago kai ba. Hirar awa ɗaya kan ci awa huɗu ko fiye wajen kwafewa, don haka ki kwafe tun ba ta huce ba. Sunayen aiki ki bar su da Hausa, ki yi musu jadawalin ma'ana.

Don tarihi, akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya bayyana cinikin tufafin Kano da ya gani a 1851. Shekarar 1498 da ake danganta wa kafuwar marinar Kofar Mata ta Kano kuwa, ki rubuta ta a matsayin abin da ake faɗa.

A babi na huɗu kada ki jera hotuna ki wuce. Kowace tambayar bincike ta samu sashenta, kowane hoto ki ce me ya tabbatar. Nan mai jarrabawa na waje ya fi kama ɗalibai ranar kare kundi.