Tambayi Injiniya: Mashigar Garinmu Ta Cushe, Mu Faɗaɗa Titin Ko Mu Gyara Mahaɗar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. An saka ni cikin kwamitin da zai ba da shawara kan gyaran titin da ke shigowa garinmu. Garin ba babba ba ne, amma babbar hanya ce ta ratso ta bakinsa. Tsawon wurin ya kai kilomita 3, da mahaɗa biyu, da gidajen mai, da makaranta a gefe guda. Safe da yamma wurin kan cushe, da dare kuma motoci su riƙa shigowa a guje, an sha kaɗe mutane. Mafi yawan 'yan kwamitin sun ce a tagwaita hanyar a yi mata layi huɗu, wasu ma har gadar sama suke ambata. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba, sai dai ban san abin da zan faɗa ba. Me ka gani? — Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Rashin kwanciyar zuciyar nan taka na gode maka da shi, domin a yawancin kwamitocin da na zauna, wanda ya ce a dakata a duba shi ake yi wa kallon mai hana ruwa gudu.

Ka lura da cewa matsala biyu ka kawo mini, kuma maganin ɗaya yana iya zama dafin ɗayar. Cunkoson safe da yamma daban, gudun dare daban. Idan kuka faɗaɗa titin don maganin cunkoso, kun ba wa mai gudun dare fili ke nan. Direban da ya yi awa biyu yana tafiya kilomita 100 a sa'a, ƙafarsa ta saba, idonsa ya saba, ba allon da aka rubuta 50 ba ne zai sa ya ɗaga ƙafa. Abin da yake gani a gabansa shi yake bi. In ya ga titi shimfiɗe, miƙaƙƙe, mai faɗi, zai ci gaba da abin da yake yi har cikin gari. Aikin mashigar gari shi ne ta sanar da direba, ta hanyar siffarta, cewa daji ya ƙare, an shigo cikin mutane.

Ga lissafi mai sauƙi da za ka iya yi wa 'yan kwamitinku a kan allo, tunda sana'arka ce. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Mu masu zana hanya mukan ba direba daƙiƙa 2.5 daga lokacin da ya hango abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta taɓa birki, wato ya riga ya ci mita 55 bai ma fara tsayawa ba. Kafin ya tsaya cak yana buƙatar wajen mita 130. A gudun kilomita 50 kuwa mita 65 sun ishe shi. To, ɗauki titi mai layi huɗu, kowane layi mita 3.5, faɗinsa mita 14 ke nan. Tsoho ko ƙaramin yaro da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa zai yi daƙiƙa 14 a tsakiyar kwalta. A cikin wannan lokaci motar da ke gudun 80 ta ci fiye da mita 300. Ka ga ke nan yaron ya duba, bai ga komai kusa ba, ya shiga, motar kuma ta cim masa kafin ya fita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4. Ɗalibanka nake tunani da nake rubuta wannan.

Na san wannan ne ta hanya mai ɗaci. A farkon aikina na sa hannu a zanen faɗaɗa mashigar wani gari. Mun yi aiki mai kyan gani, kowa ya yaba. Ban taɓa tsayawa na ƙirga masu tsallakawa a ƙafa ba, motoci kawai na ƙirga. Ba a rufa shekara ba mutanen unguwar suka fara jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan sabuwar kwaltar, saboda an kaɗe musu yara. Ranar da na je na ga duwatsun nan na daɗe a tsaye. Su suka gyara abin da ni mai takarda na bari, kuma har yau abin yana raina.

Saboda haka shawarata ta farko: kada a zana komai sai an yi ƙidaya. Ku nemi matasa ku ba su takarda da biro, su zauna a mahaɗun nan biyu daga asuba zuwa dare, ranar aiki da ranar hutu, su riƙa rubutawa duk minti 15. Motoci nawa suka miƙe, nawa suka juya, ina suka juya. Tirela da tanka nawa, babur da keke nawa, mutum nawa ya tsallaka kuma a daidai ina. Ku tattara labarin haɗurran shekara uku zuwa biyar, ku ɗiga kowanne a kan taswira da lokacin da ya faru. Kai da kanka ka je wurin da dare, ka kuma je ana tsakiyar ruwan sama. Gani ya kori ji.

Abin da nake kyautata zaton za ku gano shi ne, tsakanin mahaɗa da mahaɗa titin ba ya cika. Layi ɗaya tak, in ba abin da ya tare shi, yana iya wucewa da ƙananan motoci wajen 1,800 a sa'a, ƙaramin gari kuwa da wuya ya kai haka. Inda ake shaƙewa shi ne wurin da mota ɗaya ta tsaya tana jiran ta ratsa hannun masu tahowa, sai duk na bayanta su tsaya. Ko inda motar haya ta tsaya sauke fasinja a kan kwalta. Ko gidan mai da ya buɗe bakinsa gaba ɗaya, ana shiga ana fita ta ko'ina. In haka ne, ƙara layi a tsawon kilomita 3 kamar faɗaɗa cikin tulu ne alhali wuyansa ne ƙunci. Ƙaramin layin jira na masu juyawa, da wurin tsayawar motocin haya a wajen kwalta, da taƙaita wa kowane gidan mai ƙofar shiga ɗaya da ta fita ɗaya nesa da mahaɗa, sukan warware abin da mutane ke zaton sai tagwayen hanya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa kwamiti ba: sabon fili yana jawo sabbin motoci. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa wata babbar hanya da ake kira Katy, aka gama a 2008, a wasu wurare har layi 26 idan aka haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru cunkoson safe da yamma ya dawo. Garinku ba Houston ba ne, amma ɗabi'ar mutane ɗaya ce.

Game da mahaɗun kuwa, ni mutumin shatale-tale ne, ba na ɓoyewa. A mararraba mai hanya huɗu akwai wurare 32 da hanyar wata mota ke iya cin karo da ta wata. A shatale-tale mai layi ɗaya wuraren 8 ne kacal, kuma babu gaba-da-gaba, babu wanda zai soki wani a ciki da cikakken gudu. Tun da Ingila ta kafa doka a 1966 cewa mai shigowa shi zai dakata wa wanda ke cikin da'irar, wannan tsari ya bazu a duniya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001 kan mahaɗai fiye da 20 da aka mayar shatale-tale ya nuna haɗurran da ake jin rauni sun ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Garin Carmel a jihar Indiana, mai mutane wajen 100,000, ya fara gina su tun ƙarshen shekarun 1990, yanzu yana da fiye da 150. Mai layi ɗaya yana ɗaukar motoci har kusan 25,000 a yini, ba ya buƙatar wuta, ba ya lalacewa kamar danja, kuma da ƙarfe biyun dare ma yana aikinsa, lokacin da babu mai ba da hannu. Ga mashigar gari yana da ƙarin amfani: shi ne ƙofar. Dole kowa ya sauko zuwa gudun 30 ko 40.

Sai dai a yi shi daidai, in ba haka ba gyaran gangar auzinawa za a yi. Hanyar shiga dole ta ɗan lanƙwasa, yadda direba ba zai iya ratsawa a miƙe ba. A bar wa tirela wani zobe mai ɗan tudu a kewayen tsibirin tsakiya, wanda tayoyinta na baya za su iya hawa amma ƙaramar mota ba za ta so hawa ba. Wurin tsallakawar mutane a ja shi baya kamar tsawon mota ɗaya daga da'irar, a sa tsibiri a tsakiya don mutum ya tsallaka hannu ɗaya, ya huta, sannan ya tsallaka ɗayan. A gaban makarantar ma irin wannan tsibiri nake so, da fitila mai haske, da dakalin tafiya a ƙasa a gefe biyu. Idan ƙidaya ta nuna hanya ɗaya ta rinjayi sauran ƙwarai har ba ta ba su damar shiga, ko fili ya yi ƙaranci, to a nan danja ta fi dacewa, muddin akwai wanda zai riƙa kula da ita.

Gadar sama kuwa ku ajiye maganarta. Kuɗinta zai cinye na sauran aikin duka, ta raba garin biyu, ta kuma sauke motoci a guje a daidai inda kuke son su lafa.

TAMBAYA: Injiniya, ina da shago a bakin irin wannan titi. An ce za a sa shinge a tsakiya. Masu saye daga ɗaya hannun ta ina za su zo mini? Ba kashe mana kasuwa za a yi ba? — Daga wata 'yar kasuwa.

AMSA: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma haƙƙinki ne a nuna miki zanen tun yana kan takarda, ki faɗi ta bakinki. Shingen tsakiya yana hana juyawa barkatai, wanda shi ne sanadin haɗurra da yawa a irin wannan wuri. Amma duk wanda ya sa shinge bai tanadi wurin juyowa ba ya zalunci masu shaguna, ya kuma koya wa direbobi aron hannu. Ki tambaye su abu uku: ina wurin juyowa mafi kusa da shagonki, ina masu saye za su ajiye abin hawa, ina motar da ke kawo miki kaya za ta tsaya. In akwai shatale-tale a kowane ƙarshe, shi kansa wurin juyowa ne. Ki kuma nemi a rubuta cikin yarjejeniyar ɗan kwangila cewa ba za a toshe ƙofar shago ba lokacin aiki sai an yi mata mashiga ta wucin gadi. A abin da na gani, watannin aikin su suka fi cutar da 'yan kasuwa. Bayan an gama, titin da mota ke tafiya a hankali kuma mutum ke iya tsallakawa ya fi kawo ciniki, don wanda ke gudun 80 ko allon shagonki ba zai karanta ba.

TAMBAYA: Me ya sa sabon titi ke fara lalacewa a daidai mahaɗa da bakin gari? — Daga wani direban babbar mota.

AMSA: Ɗan'uwa, ruwa da nauyi ne, kuma ka fi ni ganinsu kullum. Kwalta ba ta son tsayuwa. Inda manyan motoci ke taka birki, su tsaya, su sake tashi, nan take tattarewa ta yi kwari, musamman da zafi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan jerin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Shi ya sa lodin da ya wuce ƙa'ida ke cinye titin shekara 20 cikin 'yan shekaru, shi ya sa kuma nake ba da shawarar a zuba kankare a mahaɗun da tireloli ke yawan tsayawa, ko da sauran titin kwalta ne.

Ruwa kuwa ya fi nauyi ɓarna. Ana karkata fuskar titi da kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 don ruwa ya gangara gefe, amma a bakin gari gine-gine sukan toshe inda yake bi a da. Ya rasa mafita, ya kwanta a gefen kwalta, ya jiƙa ƙasan da ke ɗauke da ita, sai tirela ta zo ta ƙarasa. Don haka magudana da kwalbati su ake fara ginawa, daga inda ruwan zai fita a yo sama, kuma a yi su da girman da mutum zai iya shiga ya yashe. Malamin da ya yi tambaya ta farko ya riƙe wannan ma: idan kuɗi ba su isa a yi komai lokaci ɗaya ba, a fara da magudana da mahaɗai da wurin tsallakawar yara. A kuma shata iyakar filin titin tun yanzu, a kafa alamu, a hana gini a ciki, domin ranar da garin ya girma har ya buƙaci ƙarin layi a tarar da filin yana nan, ba sai an rushe gidan kowa an shiga rigimar diyya ba.