Wai mace ba ta taɓa sifana?

Tambaya: Salam Anti. Ni malamar makaranta ce a Maraɗi, ina da mashin Haojue da nake zuwa aiki da shi, to kullum sai ya mace min a hanya. Wasu 'yan kabu-kabu na unguwarmu sun fara nuna min gyara amma yayana ya ce abin kunya ne mace ta ɓata hannu da baƙin mai. In daina?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Kar ki daina, ai wadda ta tsaya ita kaɗai bakin titi da magariba tana jiran taimako ita ce a cikin haɗari, ki faɗa wa yayanki haka cikin ladabi, ki ma gayyace shi ya zauna lokacin da suke koya miki, a ƙofar gida da rana.

Fara da fulogi. Ki kwance shi ki duba bakinsa, in ya yi baƙi ƙirin to fetur ya yi yawa ko iya-filta, wato matatar iska, ta toshe, kuma da ƙurar hunturun nan wallahi yawanci ita ce. Baƙin mai kuma ki auna shi mashin na tsaye a fili daidai, injin ya huce. Kaca kar ta yi sako-sako, wasan santimita 2 zuwa 3 ya isa. Burki dai bar wa bakanike tukuna.