Ana iya sa majinyacin da ya suma a cikin bincike ba da izininsa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanina ya yi hatsarin babur aka kai shi sashen gaggawa a sume, Allah ya sa da sauran kwana, ya farfaɗo. Muna zaman jinya wani ya ce mini a manyan asibitoci ana iya gwada magani a kan irin waɗannan majinyata ba a tambayi kowa ba. Mu mutanen Kano ba mu manta da abin da ya sami yaranmu lokacin sanƙarau ba. Maganar nan gaskiya ce? In gaskiya ce, ta yaya doka ta yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa ƙaninka lafiya, ya kiyaye gaba.

Akwai gaskiya a abin da aka faɗa maka, sai dai an yanke maka ita rabi. Ana yin irin wannan bincike a ƙasashe da dama, amma ba likita ne zai ga mutum a sume ya ce bari in gwada wani abu ba. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai, kuma abin da aka yi a Kano a 1996 bai shiga ta cikinta ba. Tsoronka yana kan hanya, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma bari in fara da dalilin da ya sa aka buɗe ƙofar tun farko, don a nan ne mutane suka fi yin kuskure.

Yawancinmu muna ɗauka duk abin da ake yi wa majinyaci a sashen gaggawa an riga an tabbatar yana da amfani. Ba haka ba ne. Shekaru fiye da 30 likitoci a duniya suna yi wa wanda ya bugu a ka allurar sitiroyid, da hujjar cewa tana rage kumburi, ƙwaƙwalwar da ta bugu kuwa kumbura take yi. Hujja ce da ta kwanta a hankali. Da aka zo aka gwada a binciken da ake kira CRASH, an sa majinyata 10,008, rabi aka ba su maganin, rabi aka ba su allurar da ba magani a ciki. Cikin mako biyu kashi 21 cikin 100 na waɗanda suka sami sitiroyid sun rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 18. Aka tsayar da binciken a 2004. Ka ga duk tsawon shekarun nan ana ba mutane abin da ke ƙara musu hatsari, da kyakkyawar niyya, ba wanda ya nemi izininsu, ba kuma wanda ya ƙirga gawa yadda ya kamata. Likita ɗaya ba zai iya ganin bambancin mutum uku cikin ɗari da idonsa ba, ko da ya tsufa yana aikin. Mutanen da wannan tambaya ta shafa kuma yawancinsu a sume ake kawo su. In an ce sai sun sa hannu da kansu, an ce kenan kada a taɓa sanin amsar.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. A asibitoci shida na Yuganda, Kenya da Tanzaniya an yi binciken FEAST ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland, a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da jininsu ba ya gudana yadda ya kamata, fiye da rabinsu da zazzaɓin cizon sauro. Abin da littattafai suka koyar shi ne a ɗura wa irin wannan yaro ruwa mai yawa cikin gaggawa ta jijiya. Nas-nas da likitocin da ke wurin da idonsu suke ganin yaron da aka ɗura wa ruwan yana ɗan warwarewa, hannunsa ya yi ɗumi, bugun jijiyarsa ya dawo. Amma da aka ƙirga bayan awa 48, kusan kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, waɗanda aka ba su ruwan a hankali kuwa kashi 7.3. Kwamitin sa ido ya tsayar da aikin a farkon 2011. Kada a yi mini mummunar fahimta: binciken bai haɗa da yara masu gudawa da amai ba, ko masu ƙuna, ko masu tamowa mai tsanani. Yaron da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki, ƙarin ruwa shi ne ceton ransa. A FEAST ɗin ma ba a tsallake iyaye ba. Uwa tana tsaye ɗanta yana numfashi sama-sama, ba lokacin karanta mata takarda mai shafi huɗu ba ne, sai a yi mata gajeren bayani da baki ta amince ko ta ƙi, in yaron ya daidaita a zauna a yi cikakken bayani ta sa hannu.

Wani lokacin kuma binciken alheri yake tonowa. Maganin tiraneksamik, wanda likitoci ke taƙaitawa TXA, wasu mata da miji 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da shi a farkon shekarun 1960. Aikinsa shi ne hana gudan jinin da ya toshe rauni narkewa da wuri. Yana nan a kantin magani da araha shekara da shekaru, ba a san ko yana ceton wanda ya yi hatsari ba, sai da binciken CRASH-2 ya fito a mujallar Lancet a 2010: majinyata 20,211 a asibitoci 274 cikin ƙasashe 40, har da asibitocin Najeriya. Mace-mace sun sauka daga kashi 16 zuwa 14.5. Da aka sake duba alƙaluman sai aka ga lokaci ne komai. In an ba da shi cikin awar farko, mutuwa ta zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In an wuce awa uku, amfanin ya tafi, har ma akwai alamar cutarwa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna, sannan binciken WOMAN na 2017, wanda dubban matan Najeriya suka shiga, ya nuna yana rage mutuwar masu zubar jini bayan haihuwa.

Ka auna wannan da yadda ake kawo mai hatsari a wurinmu. Sau da yawa ɗan sanda ne ko direban a-daidaita-sahu ko wani bawan Allah mai wucewa ya ɗauko shi, wayarsa a fashe ko a kulle, ba a ma san sunansa ba. Kafin a gano gidansu, a kira babban wa, shi kuma ya ce sai ya sanar da mahaifi, awa ukun ta wuce. Masu binciken CRASH sun lura cewa a asibitocin da aka wajabta jiran sa hannun dangi, fara maganin yakan yi jinkirin fiye da awa guda.

Saboda haka Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964 kuma ake sabunta ta, ta yarda a fara bincike kafin samun izini, da sharuɗɗa. Dole rashin iya magana ya kasance daga cikin ciwon da ake binciken, wato ba za a iya yin aikin a kan masu hankalinsu a jiki ba. Dole a nemi wakilin majinyaci, sai in ba a same shi ba kuma jira ba zai yiwu ba. Dole kwamitin ɗa'ar bincike ya riga ya karanta tsarin ya amince da dalilin a rubuce tun kafin a taɓa majinyaci na farko. Da zarar mutum ya farfaɗo ko danginsa sun iso, a sanar da su, su zaɓi ci gaba ko fita. Amurka ta yi tata dokar a 1996, ta ƙara da cewa sai an tuntuɓi al'ummar da za a yi binciken a cikinta an kuma shelanta shi. A Ingila, lokacin da aka gwada allurar adiranalin, mai zaburar da zuciya, ga waɗanda zuciyarsu ta tsaya, duk wanda ba ya so a sa shi yana iya neman wani abin hannu ya ɗaura, ma'aikatan motar asibiti na gani su san ba da shi ba. A ganina wannan shelar ita ce abin da ya fi dacewa mu dage a kai a ƙasarmu, ta rediyo da masallatai da masu unguwanni, da Hausar da kowa zai gane.

To, Kano fa? A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwaji a kan yara kusan 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa. Kimanin rabi aka ba su sabon maganinsa Trovan, sauran aka ba su seftiriyakzon, maganin sanƙarau da aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba, ba a kuma gaya musu cewa a harabar asibitin Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa tana ba da maganin da aka riga aka sani ba. Kamfanin ya ce ya sami amincewar iyaye da baki da ta hukumomi, kuma cutar ce ta kashe yaran. Daga baya an yi ta ce-ce-ku-ce a kan takardar amincewar kwamitin ɗa'a, wadda rahotanni suka ce bayan an gama gwajin aka rubuta ta. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Ko da wane ɓangare mutum ya gaskata, abu ɗaya a fili yake: iyayen yaran nan suna wurin, su suka goyo su zuwa asibiti. Uzurin rashin wakili bai taso ba sam, don haka cikakken bayani da izini na gaskiya wajibi ne. Ɓarnar kuma ba ta tsaya a kan iyalan ba, tana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Yanzu akwai Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, da kundin ƙa'idojinsa na 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi ƙarfin doka, kuma gwajin magani sai NAFDAC ta amince. Ba zan ce maka takarda kaɗai tana hana ɓarna ba. Amma tana ba ka abin kamawa. Kuna da damar tambayar likitan da ya duba ƙaninka kai tsaye ko an sa shi a wani bincike, in an sa shi ya kamata a same shi a rubuce a fayil ɗinsa. In wata rana aka kawo maka takarda a bakin gado, tambayi wane kwamiti ya amince, me za a yi wa majinyacin da ba za a yi masa ba in ka ƙi, wa zai ɗauki nauyi in an sami illa, kuma ka nemi kwafi mai lambar wayar kwamitin. Ƙin shiga ba ya rage wa majinyaci komai daga kulawar da ta kamace shi. In kuma kai ne ka kawo mai hatsari, duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya faru, ka faɗa wa nas ɗin da ta fara karɓarku, domin da shi likita zai san ko awa ukun TXA ba ta wuce ba.