Tambaya da Amsa: Tamostat Ɗaya Zai Riƙe Itace da Gas?

Tambaya: Malam, ina Manitoba a Kanada, gidan da muka saya akwai tukunyar itace a waje mai ɗumama gida da ruwan zafi, ga kuma hitar gas a ciki, kullum wutar itacen ta mutu da asuba sai na lallaɓa cikin sanyi na kunna gas ɗin, yara na ta rawar ɗari. Tamostat ɗaya, wato na'urar da ke kunna hita in gida ya yi sanyi, zai iya haɗa su?

Amsa: Zai iya ɗan'uwa, sannu da sanyi. Ka nemi akwastat, wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurewa jikin bututun da ke shigo da ruwan zafin, a saita ta wajen digiri 60 na Salshiyas. In tamostat ya nemi ɗumi kuma bututun da zafi, fankar hitar kaɗai za ta tashi ta wayar G, wato wayar kunna fanka, ta hura ɗumin itacen, in ko ruwan ya huce sai saƙon ya koma wayar W, wato wayar kunna hita, gas ya kama da kansa kana barcinka. Ƙarfin lantarkin wayoyin tamostat bolt 24 ne, amma fankar 120 ce, don Allah kira mai gyara ya haɗa maka.