An ce min Kord 64 sabo ne daga Jamus, in biya?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin shagon ɗab'i a Accra New Town. Wani dillali ya fito da Kord 64, injin ɗab'i na kamfanin Heidelberg, daga tashar Tema, ya ce sabo ne fil, kuma injin Heidelberg ba ya mutuwa. Jarina kaf zan zuba, har da bashi. In biya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Sabon Kord babu shi a duniya. Kamfanin Heidelberg ya faro a garin Frankenthal na Jamus a 1850, inda Andreas Hamm ke zubin ƙararrawa da ƙera injuna, kamfanin ya koma garin Heidelberg a 1896. Sun daɗe a kan injin haruffan dalma, irin Tiegel, wanda sai 1985 aka daina ƙera shi. A 1962 suka shiga ofset, wato ɗab'in da tawada ke bi ta kan roba kafin ta hau takarda, da jerin injunan K da Kord ya fito daga ciki, injin GTO ya biyo a 1972. An daɗe da rufe layin Kord, wanda aka nuna maka ya girmi yaron da zai riƙa aiki da shi.

Maganar "ba ya mutuwa" kuwa ta ishe ni, kullum ita ake kawo min. Gangar jikin zubin ƙarfe ce, ba ta komai, gaskiya ne. Amma gangar jiki ba ita ke ɗab'i ba. Haƙoran da ke cafke takarda suna cinyewa, sai kala ta biyu ta ƙi hawa kan ta farko. A inji mai kala ɗaya, da sai takarda ta shiga sau huɗu kafin a samu cikakkiyar kala, wannan asara ce tsagwaronta. Silinda na tsatsa a ƙarƙashin bulanket (robar da ke ɗora tawada kan takarda), inda ruwa ke kwanciya, dillali kuma ba zai taɓa ɗaga maka ba. Giya ta sassauta, sai ka ga ratsi-ratsi a kwance cikin baƙi. Dillali kuwa ya fesa fenti, ya goge tambarin, ya mayar da agogon ƙirga bugu baya, ya kira kansa injiniya da sifana biyu a aljihu. Lambar agogon nan kada ta ruɗe ka.

Ka sa a haɗa masa wuta kafin ciniki. A cire bulanket ka shafa silinda da hannunka. A buga siraran layuka, a mayar da takardun su sake shiga. In layi ya zama biyu, akwai gyara mai tsada. A buga baƙi cike da takarda mai santimita 46 da 64, ka duba ratsi. Dillalin da ya ce sai ka biya kafin a kunna, bar masa kayansa.