Jan fentin KASUPDA a gidan da ka saya

Wani bawan Allah mai aikin jinya a Ingila ya rubuto cewa ya sayi gida a unguwar Kinkinau da ke Kaduna ta hannun kawunsa da wani dillali. Bayan wata biyar sai ma'aikatan KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, suka shafa jan fenti a shaguna uku na gaban gidan, suka ce babu izinin gina su. Dillalin yana neman kuɗin "ganin mutanen ofis", kawu kuma ya ce a bar maganar domin wanda ya sayar surukinsa ne.

Malam, kada ka tura wa dillalin nan ko sisi. Na sha ganin irin wannan a Kaduna: kuɗi su tafi babu rasit, dillali ya kashe waya, katafila kuma ta zo a ranar da aka sa mata. Ka ɗauki lauya na kanka, ba wanda kawu ya zaɓa ba, ka ba shi takardar wakilci da ta tsaya kan wannan gida kaɗai, ya duba fayil ɗin filin a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar, ya kuma nemi zanen ginin da KASUPDA ta amince da shi. Idan shagunan suna cikin iyakar filinka, ana iya neman a daidaita takardunsu a biya tara a asusun gwamnati, amma idan sun ci hanya ko magudanar ruwa, ka cire rai da su.

Game da wanda ya sayar, dokar ƙasa ta ɗora wa mai saye nauyin bincike, saboda haka shirunsa kaɗai ba lalle ya ishe ka hujja ba. Abin da zai ɗaure shi shi ne furucinsa. Idan a yarjejeniya ko a saƙon WhatsApp ya ce duk ginin yana da izini, wannan yaudara ce, kuma kana iya neman Babbar Kotun Jiha ta warware cinikin ko ta sa ya biya ka asarar. A fiƙihun Malikiyya ma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa, sai dai cin moriyar kayan bayan ganin aibin na iya zama alamar yarda. Don haka kada ka ci gaba da karɓar hayar shagunan kafin ka ji ta bakin lauya.

Shi kuwa kawu, ka girmama shi, amma bai kyauta ba. Ba shi ya yi shekaru yana aikin dare cikin sanyi ba, kuma idan kunyar surukinsa yake ji, surukin ne ya kamata ya fara jin taka. Ka ba shi mako biyu ya zaunar da mutumin a gaban lauyanka a rubuta abin da zai mayar, ka kuma sanar da shi cewa idan wa'adin ya cika takardar lauya za ta fita.